Man matsa da man hekzen: wanne ya dace da mai gyaɗa da riɗi a karkara?

Habibu Gagarawa: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Magana ce ke yawo a kasuwanninmu cewa man jarka mai haske ɗin nan da sinadari ake fitar da shi, wai dangin fetur, na matsa kuwa shi ne lafiyayye. Wasu kuma suna cewa na matsar ne ke ɗauke da cuta tunda ba a tace shi ba. Ƙungiyoyin manoma da dama a yankin nan suna shirin haɗa kuɗi su sayi inji bayan kaka. Don Allah waɗanda suka san harkar su fayyace mana bambancin, da lissafi, ba da jita-jita ba.

Injiniya Lawan Bichi: Wa alaikumus salam Habibu. A fara da lissafin, shi ke raba gardama. Tsabar gyaɗa busasshiya kilo 100 tana ɗauke da mai kilo 45 zuwa 50, mu ce 48. Injin matsa mai lafiya yana barin mai kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari a ƙuli, wato za ka samu kusan kilo 44. Ƙaramin inji irin wanda ƙungiyar ƙauye za ta iya saya yakan bar kashi 10 zuwa 12, sai ka tashi da kilo 41 ko 42, kusan lita 45, domin litar man gyaɗa ba ta cika kilo ba, giram 910 zuwa 920 ce. Hekzen kuwa, wato sinadarin da ka ambata, wanda daga ɗanyen man fetur ake samun sa, yana wanke ƙulin har ya rage ƙasa da kashi 1, ka samu kilo 47 da ɗoriya. To ka ga a gyaɗa tazarar kilo 4 zuwa 6 ce a buhun kilo 100, kuma wannan man bai ɓata ba, yana cikin ƙulin da za ka sayar.

Inda lissafin ke juyawa shi ne waken suya. Kilo 100 mai kilo 18 zuwa 20 kawai ke ciki. Ka matsa shi ka bar kashi 7 a ƙuli, kilo 6 ya tafi ke nan, kusan sulusin man. Shi ya sa a duniya waken suya da angurya da dusar shinkafa da hekzen ake yin su. Gyaɗa da riɗi rabin jikinsu mai ne, matsa ta ishe su.

Malam Nasiru Wudil: Lissafin Injiniya daidai ne, amma bari a san yadda aikin yake a masana'anta, don mutane na ɗauka zuba sinadari ake yi a mai a sayar. Ko a can, gyaɗa sai an fara matsa ta, matsa mai sauƙi, a bar kashi 16 zuwa 20 a ƙuli. Sai a farfasa ƙulin a shigar da shi wani rufaffen tanki inda hekzen mai ɗumi, digiri 50 zuwa 60, yake ratsa shi sau da yawa yana narkar da man. Abin da ke fitowa gauraye ne, mai kusan rubu'i, sauran hekzen. Shi hekzen yana tafasa a digiri 69 na ma'aunin Salshiyos, mai kuwa ko kusa bai tafasa a nan, don haka ana dafa gaurayen, hekzen ya tashi tururi, a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake aiki da shi. Ragowar da ta maƙale a man ana korar ta da tururin ruwa a tankin da aka zuƙe wa iska. Garin ƙulin ma ana turara shi a sama da digiri 100.

Bayan wannan man ɗanye ne, ba a cin sa haka. Ana cire danƙo da ruwan zafi da ɗan asid, a kashe tsamin man da sodar kostik, a wanke, a gauraya shi da wata farar ƙasa mai tsotse launi, a tace, daga ƙarshe a hura masa tururi a digiri 220 zuwa 260 don cire wari. Abin da ke tafasa a 69 ba ya tsira daga 240. Dokar Tarayyar Turai ta iyakance ragowar hekzen a mai zuwa miligiram 1 a kilo. Wanda yake tsoron tataccen mai saboda hekzen ya sa tsoronsa inda bai dace ba.

Hajiya Talatu Ringim: Malam Nasiru, Allah ya ƙara sani. Amma kai da bakinka ka lissafa abin da ake cirewa: launi, ƙamshi, ɗanɗano. To me ya rage na gyaɗa a ciki? Ɗanwake da man da ba ya ƙamshi ba ɗanwake ba ne. Haka garau-garau, haka kwaɗon zogale da rama, haka masa. Mai tsire ma da man ƙuli yake shafa namansa.

Kuma Injiniya, a lissafinka ba ka sako aikin hannu ba, alhali shi ne sana'ar mata a kowane gida. Kilo 10 na tsaba yana ba da kusan lita 3 a tuƙin farko, wani ƙarin kuma yana fitowa wajen suyar ƙuli-ƙuli. In aka auna da inji sai a ce asara ce, amma man da ya rage a tunkuza shi ne daɗin ƙuli-ƙulin, kuma sau da yawa ribar tana ƙuli-ƙulin ne, man yana mayar da kuɗin gyaɗa. Ƙulin inji ba ya yin wannan, na hekzen kuwa sai dabba.

Habibu Gagarawa: Hajiya, me ke sa wani lokaci a yi ta tuƙi man ya ƙi fita?

Hajiya Talatu Ringim: Abu uku ne yawanci, ɗana. Suya, ruwa, sanyi. Gyaɗar da ba ta soyu ba tana riƙe manta, wadda ta ƙone kuma ta ba da baƙin mai mai ɗaci. A soya da wuta matsakaiciya ana juyawa ba tsayawa, in da yashi mai tsabta ya fi rarraba zafin, har jan ɓawon ya riƙa fita da murza ɗaya, cikin ya yi ruwan zuma mai haske. A bari ta huce, a murje, a bakace, a tsince, a kai niƙa ba tare da ɗigon ruwa ba, kuma a sa mai inji ya maimaita har ta yi laushi, don tsakin da bai niƙu ba mansa ba zai fito ba.

Wajen tuƙi ruwan ya zama tafasasshe, kaɗan-kaɗan, kusan lita 1 zuwa 1 da rabi ga kilo 10, ba a zuba shi gaba ɗaya. Ruwan yana kama garin ne ya dunƙule shi, shi kuma garin ya saki man. In ya yi yawa sai komai ya haɗe ya zama fari-fari, man ya ɓuya, kuma da wuya a dawo da shi sai an ƙara busasshen niƙa. A hunturu kuwa in aka bar niƙan ya kwana ya yi sanyi, wahala ce kawai. A tuƙa shi da zafin injin nan a jikinsa.

Sai abin da mata da yawa ke tsallakewa: man da aka kwasa yana da ruwa a ciki. A ɗora shi a wuta marar ƙarfi har ƙarar tsartsatsin ta tsaya, kumfar ta kwanta. Wanda ba a yi wa haka ba cikin 'yan makonni zai fara maƙaƙi a wuya.

Malama Rabi Gumel: Ina tare da Hajiya a kan ɗanɗano, amma akwai inda tataccen mai ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma dole a faɗa. Afilatoksin. Guba ce da wata fumfuna ke samarwa a gyaɗa da masara, ba ta da wari, ba a ganin ta, suyar gida ba ta kashe ta. An gano ta a Ingila a 1960 bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu da abincin da aka haɗa da garin gyaɗar Brazil. Tana jawo kansar hanta, kuma haɗarin ya ninka sosai ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a garuruwanmu. A yara an danganta ta da tsumburewa.

Wajen fitar da mai, mafi yawan gubar tana zama a ƙuli. Ɗan abin da ya bi man yana cikin guggubin da ke yawo a ciki, kuma sodar kostik da farar ƙasar da Malam Nasiru ya ambata suna kawar da shi kusan gaba ɗaya. Man matsa marar tacewa yana iya riƙe wani abu, ƙuli-ƙuli kuwa shi ke kwashe kaso mafi tsoka, kuma yara ne ke cin sa a makarantar allo da ta boko. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne al'adar tsince mai kyau a kai kasuwa, a sayar wa masu mai da ragowar a araha. Motsattsiya, fasasshiya, wadda ƙwaro ya huda, mai baƙi ko kore a ciki, nan gubar take taruwa. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikirogiram 4 a kilo (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), ku duba ƙanƙantar wannan.

Hajiya Talatu Ringim: Gaskiya ce Malama, ana yi. Amma wannan laifin gyaɗar ne, ba na matsa ba. Mai tsoron Allah tsincewa take yi bayan an murje, don a lokacin ne ɓatacciyar ke bayyana, launinta daban.

Malama Rabi Gumel: Haka ne Yaya, tsincewa bayan cire jan ɓawo tana rage gubar ƙwarai. Sai dai a binne abin da aka tsince ko a ƙone, kada a watsa wa kaji, kada a ba saniyar tatsa, don gubar tana fitowa a nono. Kuma gyaran daga gona yake farawa. Fari a ƙarshen damina yana buɗe wa fumfunar hanya, shi ya sa iri mai saurin nuna kamar SAMNUT 24 na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ke da amfani a arewacin Jigawa da Kano. Akwai Aflasafe, maganin rage gubar tun a gona na cibiyar binciken noma ta IITA, kilo 10 a hekta, ana watsawa mako 2 zuwa 3 kafin fure. Bayan cira a shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, har ƙwayar ta riƙa kaɗawa a cikin ɓawo. Sannan a daina yayyafa wa gyaɗa ruwa kafin ɓara don kada ta farfashe. Wannan yayyafin, in aka ɗura a buhu da damshinsa, ya isa ya lalata gyaɗar da ta fito gona lafiya.

Sa'idu Taura: Injiniya, tunda kun ce hekzen daga ɗanyen man fetur ake samun sa, me zai hana mai ƙaramin inji ya jiƙa ƙulinsa a fetur ko kananzir, ya tace, ya shanya a rana ya kwashe sauran man?

Injiniya Lawan Bichi: Sa'idu, don girman Allah kada kowa ya gwada, kuma duk wanda ya ji ana shirin yi ya hana. Fetur ba abu ɗaya ba ne, tarin sinadarai ne, wasu sai sama da digiri 200 suke tashi, akwai benzin mai jawo kansar jini, akwai abubuwan da ake ƙara masa don inji. Rana ba ta fitar da su, tukunya ba ta fitar da su, narkewa suke a man su zauna. Kananzir ya fi muni wajen zama. Man ya zama guba, ƙulin ya zama guba.

Ko hekzen na gaskiya ba kayan gida ba ne. Tururinsa yana kama wuta ko a digiri 20 ƙasa da sifiri, ya fi iska nauyi kusan sau uku, yana malala a ƙasa kamar ruwan da aka zubar a tsakar gida, ya bi kwata ya tarar da murhun maƙwabta. In ya kai kashi 1 da ɗan kai cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin lantarki ya isa. A 1981 hekzen da ya zurare daga wata masana'antar waken suya a birnin Louisville na Amurka ya shiga magudanan ƙarƙashin ƙasa, ya fashe, ya tsaga tituna masu yawa. Wannan fa masana'anta ce mai injiniyoyi.

Malama Rabi Gumel: Kuma shaƙarsa yau da gobe tana kashe jijiyoyin hannu da ƙafa, mutum ya fara da jin dindiris a yatsu, ya ƙare da kasa riƙe abu. A Amurka an sha kwantar da mutane a sashen ƙuna saboda ƙoƙarin tatsar tabar wiwi da gas ɗin laita a cikin ɗaki, dalilin fashewar ɗaya ne da wanda Injiniya ya bayyana.

Malam Nasiru Wudil: A nan babu saɓani tsakanina da su. Ni kare man nake, ban ce ƙauye ya kafa masana'antar ba. Ƙaramarta ma ana maganar tan 30 zuwa 50 ne a rana, dare da rana, da tukunyar tururi, da ruwan sanyaya, da wutar da ba ta ɗaukewa, da moto da fitilun da ba sa tartsatsi. Tan 50 na tsaba kusan tan 70 ne da ɓawo. In hekta tana ba da tan 1, gonar hekta 70 take cinyewa kullum. Wace ƙungiya ce za ta ciyar da ita wata goma?

Amma Hajiya, mai ƙosai da mai awara da ke suya tun asuba a mai ɗaya, tataccen ya fi musu. Yana jure zafi har kusan digiri 230 kafin hayaƙi, ɗanyen kuwa tun wajen 160 zuwa 170 yake farawa, ga kumfa saboda danƙon da ba a cire ba. Sannan tun 2002 doka ta wajabta wa masana'antun Najeriya ƙara bitamin A a man girki, shi ne tambarin ido da kuke gani a jikin jarka. Man ƙauye ba shi da wannan. Tacewar tana rage wani ɓangare na bitamin E, ban musa ba.

Alhaji Ɗanladi Dambatta: Ku ƙara da cewa yawancin abin da ake aunawa a kwalba a kira shi man gyaɗa ba gyaɗa a cikinsa. Ruwan manja ne da aka tace, ko man waken suya. A bar kwalbar a waje daren hunturu, na manjan zai yi gajimare ko ya yi barci, na gyaɗa yana nan garau. Gwajin ba ya kama na waken suya, wannan sai hanci.

Ni ta ɓangaren abincin kaji zan yi magana. Ƙulin matsa yana da furotin kashi 40 zuwa 45 ga kuma mai, don haka yana ba da ƙarfi, ana iya rage masara kaɗan. Illarsa ajiya. A zafin bazara man cikinsa yana lalacewa cikin wata ɗaya zuwa biyu, kaji su rage ci, ƙwai ya ragu. Garin hekzen furotin ɗinsa ya fi, yana kaiwa kusa da 50, ya fi jure ajiya, amma sai an nemo ƙarfin daga wani wuri. Dukansu biyu suna da ƙarancin layisin da metiyonin, wasu sinadaran gina jiki da ke cikin furotin, dole a ƙara. Kuma kada a ɗauka hekzen ya wanke gubar da Malama ta faɗa, ba ya narkar da ita, tana nan a garin.

Masu tunanin matsa waken suya da injin gyaɗa su sani ɗanyen ƙulinsa yana hana kaza narkar da abinci, sai ya sha zafi sosai. Angurya kuwa ɗanyen manta baƙi ne mai wata guba da ake kira gosifol, ba a ci sai an tace a masana'anta, ƙulinta na shanu ne da tumaki manya, a kajin ƙwai yana ɓata launin gwaiduwa.

Baba Iro Maigatari: 'Ya'yana, kun daɗe a kan gyaɗa, riɗi fa? Shi ne arzikin Malam Madori da Gagarawa da nan wajenmu, kuma yawancinsa tsabarsa ake kaiwa Dawanau a fitar waje. Wanda zai yi man riɗi don a saya da daraja, matsar sanyi ake so: ba suya, inji yana tafiya a hankali, man da ke ɗiga kada ya wuce digiri 50, wato yatsa ya iya jurewa. Kilo 100 zai ba da 35 zuwa 40 a zagayen farko. A sake mayar da ƙulin a matsa da zafi, amma a ajiye wannan daban, kada a gauraya, launinsa da ɗanɗanonsa ba ɗaya ba ne. Man riɗi Allah ya yi shi da abin da ke kare shi daga saurin lalacewa, ya fi na gyaɗa daɗewa, kai shi ga sinadari da tacewa zubar da abin da ake biya ne.

Matsalar riɗi yashi ce. Ana kaɗe shi a ƙasa, ƙwayar yashi da ta riɗi kusan girmansu ɗaya, rariya ba ta raba su. A kaɗe a kan tamfol. In ya riga ya shiga, a wanke a rairaye, a shanya har ya bushe ƙayau kafin ya ga inji.

Malama Rabi Gumel: Baba, Allah ya ƙara lafiya, a haɗa da maganin ƙwari. Masu zuba fiya-fiya a buhu su sani irin waɗannan magunguna mai suke bi, kuma man matsar sanyi ba ya ratsa wani matakin da zai rage su. Saboda wannan sinadarin ne Turai ta dakatar da waken Najeriya a 2015. Buhu mai leda biyu da ke hana iska, irin PICS, yana kashe ƙwari ba magani, muddin hatsin ya bushe kafin a ɗaure.

Habibu Gagarawa: To Injiniya, a ce an tsaya a kan injin matsa. Me ke kashe su? Akwai da yawa a garuruwa da aka saya suka zama kwanta.

Injiniya Lawan Bichi: Damshi ne na farko. Tsaba ta kasance kashi 5 zuwa 7. In ta fi haka ƙulin zai fito cakwal, man ya fito da kumfa da laka, shaf, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke matse tsabar a cikin inji, yana juyawa ba ya kamawa. In ta bushe fiye da kima ƙulin ya fito gari, ya yi hayaƙi, man ya yi duhu, moto ya ɗau zafi, wani lokaci ya cije gaba ɗaya. A sayi na'urar auna damshi. Gyaɗar da aka cire wa ɓawo tas tana santsi a ciki, shi ya sa ake barin ɗan ɓawo kaɗan ko a gauraya tsohon ƙuli don inji ya samu abin kamawa.

Na biyu tayarwa da kashewa. Ba a zuba wa inji mai sanyi gyaɗa a ɗaure maƙogwaro, wato bakin da ƙuli ke fita. A sassauta shi, a riƙa zuba ƙuli kaɗan-kaɗan minti 10 zuwa 15 har jikin ya yi zafi, sannan a kawo gyaɗa, a riƙa ɗaurewa a hankali har ƙulin ya fito falle-falle, kaurin milimita 2 ko kusa da haka a ƙananan injinan Sin, gefe ɗaya sumul, ba maiƙo a hannu. Wajen tashi kuma a sassauta, a bar cikin ya fita duka, a zaro shaf da zafinsa a goge. In NEPA ta ɗauke ko dizal ya ƙare da kaya a ciki, kada a sake kunnawa a haka, a juya fuli baya da hannu a fitar. Yawancin karyewar shaf da haƙoran giya daga nan ne.

Na uku yashi da ƙusa. A sa maganaɗisu a bakin mazubi, a tankaɗe kafin zubawa. Alamar shaf ya cinye ita ce aikin awa ɗaya ya koma awa biyu, ƙuli yana fita da maiƙo duk yadda aka ɗaure. Ana cike shi da walda mai tauri a gyara a injin sassaƙa ƙarfe, waldar ƙofa ba ta kwana biyu a wurin. Kafin a biya kuɗin kowane inji a tabbatar ana samun shaf da zobba ko sandunansa a Kano.

Alhaji Ɗanladi Dambatta: Tacewa fa? Masu saye a birni ba sa son ganin guggubi a gindin kwalba.

Injiniya Lawan Bichi: Hanya biyu ce, ranka ya daɗe. A zuba a tanki mai famfo biyu, ɗaya a gindi ɗaya taƙi guda sama da shi, a bar shi kwana 3 zuwa 7, a ɗebi na sama, guggubin a mayar inji tare da sabuwar gyaɗa. Ko a sayi filta mai faranti da ƙyalle, a tace da ɗumin man, don mai sanyi kauri gare shi. Man farko da ya fito daga filta a mayar da shi, sai ƙyallen ya yi shimfiɗar gari sannan yake tacewa da kyau. Kada a sa famfon tagulla ko jan ƙarfe a ko'ina, ɗan abin da ke narkewa daga jikinsu yana saurin lalata mai. Jarka a cika ta har wuya, a rufe, a ajiye a inuwa. Ma'aunin ingancin abinci na duniya, Codex, ya yarda man matsa ya kai 4 a awon tsami, tatacce 0.6, kuma wanda zai sa wa mansa suna da leda ya kai shaguna sai ya bi ta NAFDAC.

Malama Rabi Gumel: Duro ma a kula. Wanda ya taɓa ɗaukar man juye, maganin feshi ko wani sinadari ba ya wankuwa, ko da omo da ruwan zafi. A Maroko a 1959 mutane kusan 10,000 suka shanye bayan cin man girkin da aka gauraya da man injin jirgin sama. Sabuwar jarka ko wadda man ci kaɗai ta sani.

Malam Nasiru Wudil: Akwai wata hanya da ba a ambata ba, Habibu. Masu hekzen suna sayen ƙulin ƙananan injina su cire sauran man. Don haka ƙungiya ba ta bukatar ta ƙure injinta tana neman ɗigon ƙarshe, tana ƙona ƙuli tana cinye shaf. A yi matsa ɗaya mai kyau, a sayar da man da sunan man matsa, ƙulin kuma a kai inda zai fi kuɗi a makon, masu kaji ko masana'anta.

Hajiya Talatu Ringim: Sai dai in ƙungiya ta kwashe gyaɗar gari ta kai inji, matan da ke ƙuli-ƙuli a ina za su samu? A ware wani kaso na kuɗin a sayi injin niƙa da injin tuƙi, mata su riƙa kawowa suna biya, su tafi da mansu da tunkuzarsu. Tuƙin nan da muciya shi ke karya ƙirji da kafaɗa, in inji ya ɗauke shi mace ɗaya za ta yi aikin uku. Kuɗinsa kuma bai kai na babban injin ba.

Habibu Gagarawa: Za a kai maganar gaban shugabanni, Hajiya. Injiniya, wane girma ya dace da ƙungiya mai mutum arba'in zuwa hamsin?

Injiniya Lawan Bichi: Mai cin kilo 100 zuwa 200 a awa, da moto kilowat 7.5 zuwa 11 ko injin dizal daidai da shi. A awa 6 ya cinye buhu 6 zuwa 12 na kilo 100, to ku lissafa buhunan da kuke da tabbacin samu daga kaka zuwa bazara, da kuɗin sayen su tun suna araha, don jarin gyaɗar yakan fi kuɗin injin. Ranar saye ku tafi da buhunku da sikelinku. A matsa kilo 50 a gabanku bayan inji ya yi zafi, ku auna man bayan ya kwanta, ba da kumfarsa ba, ku auna ƙulin, ku duba agogo. In tsabar mai kyau ce ta bushe, kuma man bai kai kilo 20 ba, a gwada wani injin.